Zaman Jidda, tsakanin "za a kama" da "za a yi afuwa"

Duk wanda ya kwana biyu a Jidda ko Makka kuma aka jefa lambarsa cikin guruf ɗin WhatsApp na 'yan gida ya san akwai odiyo kala biyu da ba sa tsufa. Na farko shi ne wanda ake buɗewa da "salamu alaikum jama'a, don girman Allah duk wanda ya ji ya tura wa ɗan uwansa", sai mai maganar ya yi ƙasa da murya yace daga ranar Lahadi za a fara kame gida gida, ba ruwansu da mai igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ko mara igama, wai wani askar ne da suke mutunci ya tsegunta masa. Na biyun kuma na albishir ne, shi da ƙarfi ake yinsa har da kabbara, wai sarki zai yi afuwa albarkacin azumi, duk wanda aka haifa a nan za a ba shi takarda, kuɗin iyali ma an kusa sokewa. Abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne sau da yawa mutum ɗaya ne yake turo duka biyun, ranar Litinin ya hana mu barci, ranar Alhamis ya sa mu fara rabon riba tun ba a ci kasuwa ba, kuma ba mai komawa ya tambaye shi, malam ina kamen da ka ce, ina kuma afuwar?

Ni ba malami ba ne ba kuma likita ba. Aikina a wani wurin kago ne kusa da Bab Sharif, ina baya wajen sikeli, muna auna kayan alhazai da 'yan Umara da 'yan kasuwa muna turawa Kano da Abuja, wani lokacin Yamai. Amma wurin yana sa ka ji maganar mutane ko ba ka so, mutum na jira a naɗe masa kwalinsa da leda sai ya fara ba ka labarin kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama, da mai gidan haya da ƙaninsa da ya cinye masa kuɗin gini. Kuma daga kayan ma kana gane wanda zai tafi gida da shiri da wanda tsoro ya koro. Mai shiri dardumai ne da dabino da turare da jallabiyoyin yara. Wanda tsoro ya taso shi kuwa za ka ga har da rabin buhun shinkafa da tsohuwar fanka da bokiti, abin da kuɗin awonsa ya ninka kuɗin sayensa, ka yi masa magana yace kai dai auna.

To kar wani yace ina raina damuwar mutane, wallahi ba ƙarya ba ce, tana da lamba tana da rana. Tun watan Yuli na 2017 aka sa kuɗin murafiƙin, wato kuɗin iyali, riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarka, ya koma 200 a 2018, 300 a 2019, daga Yulin 2020 ya tsaya a 400. Mai mata ɗaya da yara uku kenan 1,600 duk wata, 19,200 a shekara, tun bai ci ba bai sha ba bai biya haya ba. Dariba, wato harajin sayen kaya (VAT), ta shigo a Janairun 2018 da kashi 5 cikin ɗari, a Yulin 2020 tsakiyar korona ta koma 15. Ga sa'awada, wato mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa, a 2016 shagunan waya suka koma hannun 'yan ƙasa, ƙarshen 2017 shagunan zinare, a 2018 aka jero sana'o'in shago har 12, su agogo, tabarau, kayan gini, kayan gyaran mota, dardumai, tufafi da sauransu. Ƙasarsu ce, 'ya'yansu suke nema wa aiki, ba wanda zai ce don me, mu ma da a garinmu ne haka za mu so. Amma kowace sanarwa a cikin waɗannan akwai gidan Bahaushen da tukunyarsa ta sauka saboda ita.

Sai kuma babbar, rusau. Daga Oktoban 2021 aka fara, unguwanni sama da 60 a Jidda, Karantina, Gulel, Fetromin, Sabil, Kandara, Hindawiyya, Nuzla, duk inda ka san in ka shiga lungu za ka ji ƙamshin daddawa ka ji ana kiran wata Hajiya da Hausa. Ka wayi gari ka ga jan fenti, alamar za a rushe, a bangon gidan da aka haife ka. Masu mallaka 'yan ƙasa aka yi musu lissafin diyya, mu 'yan haya baƙi namu kwasar kaya ne da neman mota, kuma dare ɗaya haya ta yi sama a sauran unguwanni don kowa ɗaki yake nema. Ba gidaje kaɗai aka rasa ba. Tsohuwar da take sayar da waina a ƙofar gida ta rasa masu saye, mai gadin yara ta rasa yaran, adashe ya watse don 'yan zubi wata ta koma Bahra wata ta koma Makka wata an kai ta Shumaisi inda ake tsare waɗanda za a kora. Har yau akwai waɗanda ba su dawo daidai ba.

Amma ga abin da nake son faɗa, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. A cikin mutanen da na ga sun yi asara a shekarun nan, da yawa ba abin da suke tsoro ne ya ci su ba, gaggawar da tsoron ya sa su ce ta ci su. Na ga magidancin da ya ji odiyon kame ya kwashi firij da mukayyif (esi) biyu da injin wanki ya kai kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik ya sayar a kuɗin da ko ɗaya daga ciki ba zai saya ba, Lahadi ta zo ta wuce shiru, ga shi a ɗaki da yara cikin zafin Jidda da danshinta yana neman rancen da zai sake sayen esi. Kuma igamarsa da rai fa, ba abin da ya haɗa shi da kame. Na ga baiwar Allah da ta ba wani da ya ce shi mu'aƙƙib ne, wato mai bin takardu a ofisoshi, guminta na shekaru wai zai goge mata hurub, wato ƙarar gudu daga wurin aiki da kafil ke shigarwa, ta cikin kwamfuta, yana da mutum a ciki, ya karɓa ya canza layi. Masu ofis na gaskiya da ke bin takardu akwai su, suna da lasisi suna ba da rasit. Amma wanda zai ce ku haɗu a bayan bagala, wato kantin unguwa, bayan Isha'i, kar ki gaya wa kowa, yau ce rana ta ƙarshe, wannan ba takarda yake sayarwa ba, fargabarki yake saye da arha. Kuma abin haushin yawanci ɗan gida ne, da Hausa zai yi miki rantsuwa, zai ma ce ai mu 'yan gari ɗaya ne Hajiya.

Shi kuma albishir ɗin ƙarya ɓarnarsa a hankali take, shi ya sa ba a ganinta. Mutum ya tara abin da zai kai shi gida ya kama sana'a, sai yaji wai bayan Hajji za a ba da takarda, ya zauna jira. Hajji ta wuce aka ce sai ranar ƙasa, 23 ga Satumba, ta wuce aka ce azumi. Kuɗin ya narke a haya da magani, shekaru suka tafi, yaran suka girma ba makaranta a nan ba makaranta a can. Ko dokar ƙasar ma ba ta ce duk wanda aka haifa a nan ya zama ɗan ƙasa ba, wannan kowa ya sani, amma zuciya tana son abin da take so.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne lokacin da afuwar gaske ta zo, da yawa ƙin yarda suka yi. Ranar 29 ga Maris 2017 aka buɗe wa'adin kwana 90, duk wanda ya karya dokar zama ya fito ya tafi, an yafe masa tara, ba za a yi masa dangwalen yatsa na hana dawowa ba, in ya samu biza halastacciya ya dawo abinsa. Har ƙarin lokaci aka yi bayan wa'adin ya cika. A talabijin aka faɗa, jaridu suka buga, ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda ya cika da masu neman takardar tafiya. Amma a lungu me ake cewa, tarko ne, so ake ku fito a kwashe ku. Waɗanda suka tafi ta ƙofa wasunsu sun dawo da igama suna nan suna aiki, waɗanda suka noƙe kuma da aka fara kamen gaske a ƙarshen shekarar suka tafi ta tarhil, wato korar hukuma, da kayan jikinsu. Haka aka yi da korona. Ƙarshen Maris 2020 Sarki Salman ya ba da umarni a yi wa kowa maganin cutar kyauta, har da wanda ba shi da takarda, ba tare da an hukunta shi ba, ministan lafiya da bakinsa ya sanar. Duk da haka akwai tsofaffin da aka ɓoye a ɗaki ana dafa musu citta da kanumfari suna numfashi da ƙyar, saboda wani ya ce asibiti na haɗe da jawazat, hukumar shige da fice. Wato ƙarya muna gaskata ta da wuri, gaskiya kuma sai mun nemi shaidu.

Ni yanzu duk labarin da ya shigo wayata tambaya uku nake masa. Wa ya faɗa, yaushe zai fara aiki, kuma me ake so in yi. Labarin gwamnati a ƙasar nan ba ya zuwa da raɗa, yana zuwa da sunan ma'aikata da kwanan wata, yana fitowa a shafin jawazat ko ma'aikatar ƙwadago, in ya shafe ka kai tsaye ma saƙo zai shigo maka ko ka gani a manhajar gwamnati ta Absher. In aka ce "wani babba ne ya faɗa", ba rana, kuma ƙarshen zancen ka kawo kuɗi ko ka sayar da wani abu ko ka tura wa mutum goma, to ka ajiye wayar ka je ka sha shayi. In ba ka iya karatun Larabci ba ba abin kunya ba ne, kusan kowane gida akwai yaro ko yarinyar da ta yi makaranta a nan, a ba ta ta karanta sanarwar da kanta, ba fassarar mai odiyo ba.

Kuma sau da yawa in ka bi diddigi za ka tarar doka ta fi jita jita sauƙi. Mutane nawa ne suka san a dokar ƙwadago kuɗin igamar ma'aikaci da lasisin aikinsa da sabunta su a kan mai ɗaukar aiki yake, ba a kan ma'aikacin ba? Na san a aikace wasu kafilai suna dawo da shi kan bawan Allah, shi kuma ya yi shiru don kar a rasa gaba ɗaya, wannan lissafin kowa da nasa, ban ce ka je ka yi rigima ba. Amma sanin cewa haƙƙinka ne kake bari da saninka daban yake da zaton kai ne mai laifi. Tun 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani da ya cika shekara zai iya canza wurin aiki ta shafin ma'aikatar ƙwadago na Qiwa ba sai kafil ya yarda ba in ya cika sharuɗɗa, zai iya nemo bizar fita da dawowa da kansa. Masu aikin gida da direbobin gida ba sa cikin wannan tsarin, nasu daban ne ta shafin Musaned, kuma gaskiya su ne suka fi shan wuya. Igama ma yanzu ana iya sabunta ta wata uku uku maimakon a nemo kuɗin shekara a dunƙule. Wanda aka riƙe wa albashi akwai zaman sulhu a ofishin ƙwadago kafin a kai kotu, kuma ana samun masu karɓar haƙƙinsu. Duk waɗannan ba su sa zaman ya zama aljanna ba, amma ƙofofi ne, kuma mai firgici ba ya ganin ƙofa.

Wani abu da muka yi yarjejeniya a kai ni da mai ɗakina, kuma ya rage mana faɗa sosai, shi ne ba a yanke shawarar kuɗi ko ta komawa gida bayan sallar Isha'i. Don na lura damuwa da dare ƙiba take yi. Bashin riyal 2,000 da ƙarfe biyun dare sai ya haɗu da ciwon Inna da kuɗin makarantar yara da maganar da kafil ya yaɓa maka da tunanin in na mutu a nan wa zai riƙe su, duk su dunƙule su zauna maka a ƙirji. Da safe bayan ka yi sallah ka ci tamis da ful, bashin ya koma 2,000 ɗinsa. Sai mu ɗauko takarda mu rubuta, wanne ne yake da rana, wanne ne ba shi da ita. Igama tana da rana, in ta wuce tara 500 ce karon farko, na biyu 1,000, to wannan ita ce gaba. Haya tana da rana. "Ƙila a sallame ni" ba shi da rana, abin da za a yi masa kawai a riƙa ajiye wani abu a gefe kuma kar a yanke zumunci da mutanen da za su iya nemo maka wani wurin. "Me mutanen gida za su ce" kuwa ko layi ba ma ba shi. Ina yawan tuna addu'ar nan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yawan yi ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, a cikinta ya haɗa da kasala da gazawa da rowa da tsoro da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin wani da bashi a wuya ya san me ya sa aka jera su wuri guda.

Maganar mutanen gida kuwa, hmm. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, riyal ɗaya da yake wajen naira 120 a farashin gwamnati ya je wajen 400 a 2024, shi riyal yana nan daram a 3.75 kan dala kamar yadda yake tun 1986. To kowa a gida ya zama gwanin lissafi, an ninka albashinka da 400 an ga miliyoyi, ba a cire haya ba a cire murafiƙin ba. Su ma ba laifinsu ba ne, kwanon masara da buhun shinkafa sun fi ƙarfin albashi, wahalar gaske ake sha. Ƙanina ya kira ni yace Yaya, kai da kake Makka ai riyal 500 ba komai ba ce a wurinka. Nace na farko dai a Jidda nake, na biyu kuma bari in karanta maka takardar wata. Na karanta masa tiryan tiryan har kuɗin ruwa da na gas. Ya yi shiru yace Yaya wallahi ban san haka abin yake ba. Tun daga nan na ware abin Inna, wannan ba ya motsi ko me ake ciki, sauran kuma in akwai a yi, in babu in ce babu da bakin mutunci. Da yawanmu ciwon da ke cin mu a nan na riƙe sunan "Alhaji na Saudiyya" ne, muna cin bashi don kar a ce mun gaza. Hawan jini da suga sun yi yawa a cikinmu, kuma wanda ya daina barci ya daina cin abinci ya daina son shiga mutane na tsawon makonni, wannan ba raunin imani ba ne, ciwo ne, a yi addu'a a kuma kai shi ya ga likita.

In na ga kaina ya fara zafi nakan tuna wani abokin aikinmu, Bahaushen Sudan ne, danginsa suna tsakanin Mai Wurno da Sinja. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 bai sake samun kwanciyar hankali ba, Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, aka yanke intanet a Fabrairun 2024, ƙarshen Yuni Sinja ta faɗi, aka daina jin mahaifiyarsa da ƙannensa mata gaba ɗaya. Mu da muke gefe mun fi shi rawar jiki, kowa ya ga bidiyo sai ya miƙa masa waya. Rannan yace mana don Allah ku daina nuna min, in ba wanda ya gan su da idonsa ba ne bana so. Ya ware lokaci ɗaya bayan Magariba yana kiran mutum biyu da ya yarda da su, ɗaya a Gadarif ɗaya a Kassala, sauran yini kuma yana kan sikeli yana aiki yana tara abin da zai tura ta manhajar bankin Sudan ta Bankak ranar da aka same su. Nace masa ɗan uwa ya kake iyawa? Yace in na haukace kafin a gan su wa zai biya motar da za ta fito da su? Allah cikin ikonsa aka same su sun fita da ƙafa da amalanke sun isa Gadarif, kuma kuɗin na nan a shirye. Ba kowa ne nasa ya ƙare haka ba, shi ma ya rasa ɗan baffansa a hanya. Amma ban taɓa ganin mutumin da ya san iyakar abin da ke hannunsa irinsa ba.

Akwai kuma wani dattijo da nake zuwa gaisarwa in na shiga Makka, da can a Shara Mansur yake. A nan aka haife shi, babansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Haɗeja. Hanyar da jama'a suka bi kenan tun kafin Turawa, ta ƙara cika bayan yaƙin Burmi a 1903 da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa Mai Wurno a bakin kogi, wasu suka wuce har Sawakin suka tsallako teku zuwa Jidda. Jikokinsu ne Hausawi da Fallata da Barnawi da kake gani a ko'ina, a gasar cin kofin duniya ta 2018 ma Hausawi uku ne a tawagar Saudiyya, Usama da Umar da Mu'utaz. Na taɓa ce masa Baba, ai mutanen da su ne masu tawakkali, su kama hanya ba guziri ba taswira. Ya yi dariya yace ɗana wa ya gaya maka? Yace babansa shekaru ya yi a hanya, ba don nisa kaɗai ba, don ba sa tashi sai sun lissafa. In damina ta tarar da su a gari sai su tsaya su yi noma, in guziri ya ƙare su shiga cirar auduga a Jazira, ba sa shiga daji sai da ayari da wanda ya san rijiyoyi, in aka ce hanya ba lafiya su zauna ko shekara ce. Yace masu gaggawa ai ba su iso ba, shi ya sa ba ka jin labarinsu.

Wannan maganar nake tunawa duk lokacin Hajji in an fara cewa ai ɗakin Allah ne, ba mai hana ka, a bi ta dutse. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma ta sanar mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, wato izinin yin Hajji, sun yi ta tafiya a rana ba tanti ba mota. A 2025 aka kai tarar shiga ba izini har riyal 20,000, da kora da hana shigowa shekara 10, mai ɗauko su ko ba su masauki kuma har 100,000. Amma dillalin da ya karɓi kuɗin tsohuwa ya sauke ta a bayan gari yace ga Arfa can, shi ma da sunan tawakkali ya yi mata magana. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, niyyarsu tana wurin Allah. Mu da muke raye dai bai kamata mu riƙa kiran ganganci da sunan da ba nasa ba.

To ina nake samo fatan alheri, tunda na ƙi na odiyo? Gaskiya daga ƙananan abubuwan da na gani da idona. Bayan rusau na ɗauka shikenan jama'armu ta watse, sai ga shi mai wainar nan ta koma karɓar oda ta waya jikanta yana kai wa mutane, adashenmu da ya mutu ya tashi da mutum takwas, yanzu ta banki ake zubi kowa na ganin shaida a guruf, rigima ma ta ragu. In aka yi rasuwa kafin La'asar an haɗa abin da za a haɗa. In aka kai wani tarhil akwai masu bin kayansa su turo masa, mu a wurinmu irin wannan kayan sau tari ba ma cin riba a kai. Na ga yaran da aka mayar Kano suna kuka ba su iya ko cin tuwo ba, yau wasunsu suna koyar da Larabci a Islamiyyu, wasu suna tafinta a kamfanonin Hajji da Umara, wata ma tana jami'a. Ba duka ba, akwai waɗanda har yanzu ba su sami kansu ba. Amma komawa gida da muke ɗauka kamar mutuwa, na ga waɗanda suka yi ta suka rayu, kuma sanin haka kaɗai yana rage wa kafil girma a idonka.

Mu ma maganar tana kan teburinmu. Mun rubuta sharaɗi, ranar da kuɗin takardun iyali da haya suka haɗu suka wuce rabin abin da ke shigowa, ita da yara za su yi gaba ni in biyo baya, ba sai an jira jan fenti ko saƙon sallama ba. Akwai ɗan fili a wajen Ungogo, gini ya kai linta ya tsaya. Kwasar adashe tawa ce a watan Rajab, kuma nan ne rigimar take, ita tana ganin a sayi kwano a rufe ko ɗaki biyu ne tunda kayan gini ba sauka suke ba, ni kuma ina ganin a biya murafiƙin na shekara gaba ɗaya a huta da ƙirgen wata uku uku. Tace Baban yara, takarda ƙarewa take, rufi kuwa yana nan. Nace haka ne, amma rufin da ba kowa a ƙarƙashinsa fa, ga tara tana jiran mu a nan? Ta kawo maganar damina, na kawo maganar jarrabawar babbar yarinyar da saura mata shekara ɗaya ta gama. Mun bar shi sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kafin nan zan kira magini in ji nawa bandir ɗin kwano yake yanzu a Kano, ita kuma za ta tambayi makarantar ko suna ba da takardar canjin makaranta a tsakiyar shekara.